Ta bar fage shekara 23, ta sake hawa dandamali tana da shekara 80: tambayoyi da amsoshi kan Glenda Jackson da iyayenmu mata 'yan wasa

Duk ranar Asabar da yamma nakan zauna da wasu matasa a wani aji da aka ara mana a Unguwar Rimi, muna koyon wasan kwaikwayo. Watannin baya muna rabon matsayi, sai wata yarinya mai hazaƙa ta ƙi karɓar matsayin kaka. Ta ce, "Malam, don Allah a ba wata. Ai mace in aka fara saka ta a uwa ko kaka, tata ta ƙare ke nan." Maganar ta tsaya mini a rai, don na san ba ita ta ƙirƙiro ta ba, abin da ta tashi tana gani ne a finafinanmu. Ranar na ajiye takardar wasan na ba su labarin Glenda Jackson. Tun daga nan tambayoyi ba su yanke ba, wasu a aji, wasu ta waya, wasu ma daga iyayen yaran. Ga su nan na tattara, tare da amsar da nake bayarwa.

Wace ce Glenda Jackson ɗin?

Baturiyar Ingila ce, an haife ta ranar 9 ga Mayu 1936 a garin Birkenhead, tsallaken kogi daga Liverpool. 'Yar talakawa ce, mahaifinta birkila. Ita kanta da ta bar makaranta a kantin magani ta yi aiki, kafin a 1954 ta samu gurbin karatu a RADA, shahararriyar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan. Ta yi shekaru tana faɗi-tashi a ƙananan gidajen wasa, sannan ta shiga ƙungiyar Royal Shakespeare Company, inda darakta Peter Brook ya fito da ita duniya ta san ta.

Sau biyu ta ci kyautar Oscar ta gwarzuwar jaruma: a bikin 1971 da fim ɗin Women in Love, a bikin 1974 kuma da A Touch of Class. Duka biyun ba ta je wurin bikin ba. A 1971 ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a wani shirin talabijin na BBC, har ta aske gashin gaban goshinta don kamanni su fito. Ba kyau ne ya sayar da ita ba. Murya ce, da kaifin ido, da rashin tsoron kowane irin matsayi.

Mai irin wannan suna, me ya raba ta da wasa?

Siyasa. Ta daɗe tana jin zafin yadda manufofin Firaminista Margaret Thatcher suka taɓa talakawan Birtaniya, irin mutanen da ta fito cikinsu. A zaɓen 1992 ta tsaya takarar majalisar dokoki a jam'iyyar Labour, a mazaɓar Hampstead da Highgate a Landan, ta ci. Daga ranar ta ajiye wasa gaba ɗaya. Ba ta raba ƙafa ba, ba ta ce yau majalisa gobe lokeshan ba.

Ta yi aiki a majalisar, ko dai suna ne ya kai ta?

Ta yi. Daga 1997 zuwa 1999 ita ce ƙaramar ministar sufuri a gwamnatin Tony Blair, daga baya kuma ta zama cikin masu sukarsa ƙwarai, musamman kan yaƙin Iraƙi. A zaɓen 2010 da ƙuri'a 42 kacal ta tsira da kujerarta. A Afrilun 2013, da majalisa ta zauna jimamin rasuwar Thatcher, ta miƙe ta faɗi abin da take gani waccan gwamnati ta yi wa makarantu da asibitoci da marasa galihu, ana yi mata ihu tana ci gaba. A 2015 ta sauka da kanta, bayan shekara 23.

To ta yaya ta dawo? Kai tsaye ta hau dandamali?

A'a, kuma wannan ne wurin da nake so mutanen Kaduna su lura. Ta rediyo ta fara. A 2015 ta yi wasan kwaikwayo na rediyon BBC wanda aka ciro daga littattafan marubucin Faransa Emile Zola. A rediyo babu haddar dole, babu tsayuwar awa uku, ba ruwan kowa da tamojin fuska. Murya ce kawai, ita kuwa murya ta daɗe tana gogawa a majalisa.

Sai a ƙarshen 2016, tana da shekara 80, ta hau dandamalin gidan wasa na Old Vic a Landan, ƙarƙashin darakta Deborah Warner. Matsayin da ta ɗauka kuwa shi ne Sarki Lear.

Mene ne Sarki Lear, da ake ta cewa matsayi ne mai nauyi?

Wasa ne da Shakespeare ya rubuta fiye da shekara 400 da suka wuce, amma in ka ji labarin sai ka rantse a wani gida na Tudun Wada ko Kawo aka yi shi. Wani tsohon sarki ne ya ga ƙarfi ya ƙare, ya ce zai raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa mata uku tun yana raye. Sharaɗinsa shi ne kowacce ta faɗi irin son da take yi masa a bainar jama'a. Manyan biyu, Goneril da Regan, suka zuba daɗin baki suka kwashi rabonsu. Autar, Cordelia, wadda ita ce mai sonsa na gaskiya, ta ƙi yin fadanci. Ya fusata ya kore ta, ya hana ta ko taku ɗaya na ƙasa.

Da mulki ya koma hannun manyan, sai suka fara rage masa bayi da dogarai, yau a ce sun yi yawa, gobe a ce ba ya bukatar ko ɗaya, har ya fita daji cikin hadari da tsawa, hankalinsa ya gushe. Autar da ya wulaƙanta ita ta dawo nemansa. Suka sasanta, amma lokaci ya ƙure: aka kashe ta, shi ma baƙin ciki ya ƙarasa shi a kan gawarta.

Nauyin matsayin a nan yake. Wasan ya haura awa uku. Mai yin Lear zai fara da izzar sarauta, ya shiga fushi, ya shiga tsinuwa, ya shiga hauka, ya fito da taushin zuciyar tsohon da ya gane kurensa, duk a dare ɗaya, a gaban mutane ido da ido. Babu "a yanke a sake" kamar a fim. In ka manta layi, kowa na kallonka. Gobe kuma a sake daga farko. Ana yawan cewa a harkar, lokacin da ɗan wasa ya kai shekarun fahimtar Lear, ƙarfin yin sa ya tafi. Ita ta zo da duka biyun, kuma jaridar Evening Standard ta ba ta kyautar gwarzuwar 'yar wasan daɓe a 2017 saboda shi.

Mace ta fito a matsayin sarki namiji, ba zai zama abin dariya ba?

Bai zama ba, don ba ta yi kwaikwayon maza ba. Ba ta manna gemu ba, ba a kuma sauya rubutun aka mai da sarkin sarauniya ba. 'Ya'yan suna kiranta uba, tana amsawa. Abin da ta fito da shi tsufa ne da mulki da nadama, waɗannan kuwa ba su san namiji ko mace ba. Ba ita ce ta fara ba ma, Kathryn Hunter ta yi Lear a Ingila tun 1997. A zamanin Shakespeare kansa, samari ne ke fitowa a matsayin mata.

Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya taso yana kallon tashe da azumi ya san wasan Mairama da Daudu, inda yarinya ke saka riga da hula ta zama maigida. Ba ina cewa mu kwafo abin da aka yi a Landan ba ne, kowace al'umma da abin da ta yarda da shi a dandalinta. Abin ɗauka shi ne an dubi tsohuwa mai shekara 80 aka ce ita za ta ɗauki wasan gaba ɗaya a kanta, kuma mutane suka sayi tikiti.

Daga Lear sai me?

A 2018 ta tafi Amurka ta yi wasan Three Tall Women na Edward Albee a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, ta ci Tony, babbar kyautar wasan daɓe ta Amurka, tana da shekara 82. A 2019 ta sake yin Lear a can, da wani darakta daban. Wannan karon abin bai karɓu sosai ba, masu sharhi sun yaba mata amma sun kushe tsarin wasan, aka rufe shi kafin ranar da aka tsara. Nakan faɗa wa ɗalibaina wannan da gangan, don kada su ɗauka dawowa hanya ce shimfiɗaɗɗiya.

A ƙarshen shekarar ta fito a fim ɗin talabijin Elizabeth Is Missing, a matsayin Maud, tsohuwa mai ciwon mantuwa da ke neman ƙawarta da ta ɓace, tana rubuta wa kanta 'yan takardu don kada ta manta abin da take nema. Duk wanda ya yi jinyar tsoho mai gigin tsufa zai gane gidansu a ciki. Ta ci BAFTA, babbar kyautar fim da talabijin ta Birtaniya, a 2020 da shi. Fim ɗinta na ƙarshe, The Great Escaper, tare da Michael Caine suka yi shi. Ta rasu a gidanta a Landan ranar 15 ga Yuni 2023 tana da shekara 87, fim ɗin ya fito bayan rasuwarta.

Wanda ya yi shekaru bai yi wasa ba, ba ya mance sana'ar?

Wannan tambaya ba daga littafi zan amsa ta ba. Akwai wata dattijuwa a Tudun Wada, ta haura saba'in, wadda ta yi wasan kwaikwayo na rediyo a ƙuruciyarta. Ta fi shekara ashirin rabonta da makirfo. Na je gaishe ta da wani ɗan wasa da na rubuta a aljihu. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, da tire a cinya, tana tsintar wake.

"Sannu da gida, Hajiya."

"Yauwa ɗan nan, shigo. Me ka riƙo mana?"

Idonta ya yi rauni, don haka jikarta ce ta karanta mata wurin, sau biyu. Wata uwa ce aka zo aka gaya mata ɗanta ya sayar da gonar gado ba da saninta ba. Na rubuta mata dogon jawabi, da salati da kuka da "wayyo ni Allah". Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗan nan, matar da aka sayar da gonar mijinta ba ta ihu. Ihu na mai sa ran a dawo mata da abinta ne. Sake gaya mini labarin, kai ne ɗan aiken."

Na gaya mata. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, ɗaya, biyu, uku, sai hannun ya tsaya cak a cikin tiren. Can ta ce, a hankali, "Har da tsamiyar?"

Jikar da ke ta murmushi tun farko ta yi tsit. Ni kuwa na ninke takardata, don shafi guda da na kwana ina rubutawa kalma uku sun fi shi. Abin da ke raguwa da tsufa shi ne gani, da gwiwa, da saurin hadda. Sanin inda magana ke da nauyi ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi, don wadda ta binne miji ta aurar da 'ya'ya ta ga abin da yarinya 'yar shekara ashirin ba ta gani ba tukuna. Da tsohuwar zuma ake magani.

Me ya haɗa labarin Baturiya da Kaduna?

Kaduna ce uwar wasan kwaikwayon Hausa na rediyo da talabijin. Tun 1962 aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a nan, wanda daga baya ya rabu ya zama Rediyon Najeriya Kaduna da NTA Kaduna. Daga nan aka ji Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Daga nan Samanja Mazan Fama ya fito, wato Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamban 2023. Nan Kasimu Yero ya yi zamaninsa har ya rasu a 2017. Duk waɗannan wasanni sun fara tun kafin a yi Turmin Danya a Kano a 1990, wanda ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Hausa daga kansa.

Waɗannan wasanni ba maza kaɗai suka yi su ba. Akwai matan gida, da kishiyoyi, da surukai, da dillalai, kuma mata ne suka tsaya gaban makirfo da kyamara suka yi su, a lokacin da fitowar mace a talabijin ke jawo wa gidansu surutu. Ka tsayar da dattijo a Kasuwar Barci ka tambaye shi, zai kawo maka sunayen mazan nan take. Sunayen matan na gaskiya kuwa sai ya yi ta lalube. Wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Wasu suna nan da ransu a unguwanninmu, ba wanda ke ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Ai iyaye mata suna fitowa a finafinai masu dogon zango. Ba dawowar ke nan ba?

Rabin dawowa ce, kuma ina yaba ta. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, aka samu shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, ga kuma masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, aiki ya ƙaru wa dattawa. Labarin da zai yi shekara yana tafiya dole ya samu gida cikakke, da uwa da kaka da gwaggo.

Amma a duba abin da ake ba su su yi. Yawanci uwar jarumi ce: ta sa albarka, ko ta hana aure, ko ta yi barazanar tsinuwa, ko ta kwanta ciwo a nemi kuɗin asibiti. Ita ba ta son komai don kanta, ba ta da sirri, ba ta da tarihin da ya wuce haihuwar jarumin. Bambancin Glenda Jackson ke nan. Lear da Maud ba iyayen jarumai ba ne, su ne jaruman, labarin a kansu yake juyawa. Mu kuwa ga labarai nan zube: uwargidan da aka yi wa kishiya bayan shekara arba'in da aure, unguwarzoma da asibiti ya karɓe wa sana'a, tsohuwar malamar makaranta da ke bin fanshonta ofis-ofis, kakar da rikici ya raba da unguwar da ta yi rayuwarta duka a ciki, abin da mu mutanen Kaduna muka sani da idonmu. Matsalar ba ta rashin 'yan wasa ba ce. Alƙalamin marubuta ne bai juyo ta wajensu ba.

Maganar kuɗi fa? Ana biyansu abin kirki?

A nan ne ciwon yake. A farkon 2022 dattijuwar 'yar wasan finafinan Hausa Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta yi hira da BBC Hausa ta ce sau da yawa abin da ake sallamarta da shi 'yan dubbai ne ƙalilan, daga dubu biyu zuwa biyar. Wasu daraktoci sun fito sun ce su sun biya ta fiye da haka, aka yi ta muhawara. Ko ma yaya lissafin yake, hirar ta tono abin da kowa a harkar ya sani: ɗan wasa ba shi da fansho, ba ya samun wani kaso in an sake nuna aikinsa, kuma ana biyan mai ƙaramin matsayi ne gwargwadon fitowarsa. Wadda ake kira don fitowa biyu, kuɗin fitowa biyu za ta samu, ko ta shekara hamsin a sana'ar.

Hajiyar Tudun Wada ta gaya mini abin da ya sa ta rufe ƙofa. Wani furodusa ya kira ta lokeshan ƙarfe bakwai na safe. Ta zauna kan benci har bayan la'asar, ba wanda ya ce mata ga ruwa. Da aka zo kanta, minti goma aka yi, ta tsine wa ɗa aka ce an gama. Abin da aka damƙa mata da ƙyar ya biya Keke Napep zuwa gida. Ta ce, "Ba kuɗin ne ya fi ɓata mini rai ba, ɗan nan. Yaron da ke riƙe da takarda bai san sunana ba, 'ke tsohuwa' ya ce mini."

Ba zubar da girma ba ne mace mai jikoki ta koma wasa?

Iyayen yara ne suka fi yi mini wannan tambaya, kuma ba na raina ta. A wurinmu da yawa daga cikin 'yan wasa mata aure ne ke fitar da su daga harkar, da yardarsu da ta mazajensu, wannan kuwa haƙƙinsu ne. Wadda ta zaɓi zaman gidanta har ƙarshe ba ta yi asarar komai ba. Abin da ba na so shi ne gorin da ake yi wa wadda ta dawo bayan rasuwar miji ko mutuwar aure, a ce ta kasa zama. Malamar asibiti in ta koma aiki bayan takaba ba a ce mata haka. Shawara ce tsakaninta da iyalinta, kuma mutuncin yana ga irin matsayin da ta karɓa da irin riƙon da aka yi mata a wurin aiki.

Ni matashin darakta ne, ina son in saka dattijuwa a aikina. Ta ina zan fara?

Ka je da ƙafarka, kada ka aika yaro, kada ka tura saƙon waya. Ka gaishe ta, ka nemi ɗanta ko 'yarta su zauna a yi maganar a gabansu, a yanke kuɗin tun kafin ranar aiki, a rubuta. In idonta ya yi rauni, ka naɗa mata layukanta a waya ta riƙa saurare, yawancinsu da kunne suka koyi sana'ar tun asali. Ranar ɗauka a fara da ita da safe ta tafi gida, a tanadar mata kujera mai jingina da inuwa da wurin salla, a tambayi abin da take ci, don hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a shekarun nan. In ta ce "ba haka ake faɗa ba", ka ajiye takardarka ka ji yadda ake faɗa. Sunanta kuma ya fito daidai a jerin sunaye, ba can ƙasa bayan masu riƙe fitila ba.

In jiki ba zai ɗauki lokeshan ba, ka tuna ta inda Glenda Jackson ta sake shigowa. Wasan murya ba ya bukatar komai sai ɗaki marar hayaniya da waya mai kyau.

Hajiyar Tudun Wada za ta dawo?

Ta amsa, bisa sharaɗi biyu: a ɗakinta za a yi, kuma ita za ta gyara maganganun uwar. Babban ɗanta ya yarda. Na sake rubuta wasan gonar daga farko, yanzu da ita ake buɗewa, da ita ake rufewa. Muna zuwa ranar Lahadi bayan azahar, lokacin da injin niƙan maƙwabta ke hutawa, mu rufe taga da bargo saboda ƙarar babura. Yarinyar nan da ta ƙi matsayin kaka ita ce ke riƙe wayar, tana zaune a ƙasa kusa da gwiwar Hajiya. Makon jiya mun naɗi kashi na uku, saura biyar.